Kurakuran da masu neman mastas a kimiyyar abinci mai gina jiki suke yawan yi

Babban kuskuren dai shi ne mutum ya ɗauka karatun nan zancen "ci ganye, rage mai" ne. Ina! Kemistiri ne cike a ciki. Masu tantancewa da sun buɗe tiranskirif ɗinka abin da idonsu ke fara nema shi ne bayokemistiri, oganik kemistiri, fiziyoloji, wasu su ƙara da ƙididdiga, in babu su to ko makinka ya wuce 3.0 cikin 4.0 ɗin da jami'o'in Amurka suka saba nema, sai ka ji shiru. Ni kaina haka ta faru da ni karon farko, na biya kuɗin fom, wata uku ina duba imel safe da dare, ashe oganik ɗin da ban yi ba ne ya kayar da ni. Gyaran ba wuya, ka ajiye jerin kwas ɗin da suke so kusa da tiranskirif ɗinka ka bi ɗaya bayan ɗaya, wanda babu ka rubuta wa sashen ka tambaya ko za su bari ka cike shi kafin a fara.

Sai masu zaton duk mastas ɗin fannin zai ba su lasisin duba marasa lafiya a asibiti. A Amurka tun 1 ga Janairu 2024 sai da digiri na biyu ake zama jarrabawar RD, wato ta zama ƙwararren masanin abinci mai rijista, amma digirin kaɗai bai isa ba, dole ka bi ta shirin da ACEND, hukumar da ke tantance karatun wannan fanni a can, ta amince da shi, ga horon aiki na aƙalla awa 1,000. Wani mastas ɗin na bincike ne zalla, dakin gwaji da tesis. Ka duba tukuna kafin ka zuba kuɗi.

IELTS da TOEFL, jarrabawar gwajin Turanci, shekara 2 suke yi su mutu, kar ka tura tsoho. GRE kuwa, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri na farko, wurare da yawa sun daina nema.

Wasiƙar bayanin manufa kuma, don Allah a daina "tun ina yaro nake son taimakon al'umma", sun gaji da karanta shi. Faɗi matsalar da ta dame ka, misali ƙarancin jini ga masu ciki, ka ambaci malamin sashen da ke aiki a kai. Malaman da za su rubuta maka shaida, yawanci 2 ko 3 ne, ka ba su ko wata ɗaya ne, ba ana gobe rufewa ka fara kiransu ba.