Yadda ake bin lissafin haɗurran hanya da hasashen na baɗi a jihar Tawa

Duk mai son sanin ko haɗurran hanya na ƙaruwa ko raguwa a jihar Tawa ta ƙasar Nijar, sai ya fara da tattara alƙaluman wata-wata na aƙalla shekara biyar. Jandarma ne ke rubuta abin da ya auku a manyan hanyoyi, kamar ta Tsarnawa zuwa Tawa da wadda ta miƙe zuwa Abalak da Agadas, ƴan sanda na riƙe da na cikin gari, asibitoci kuma na da nasu rajistar. Wajibi ne a gwama su, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙidaya duk wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan haɗari, alhali wanda ya cika a gadon asibiti bayan mako guda sau da yawa ba ya cikin takardar da aka rubuta a bakin hanya. A ware mutuwa da rauni, a kuma raba ɗan kabu-kabu da mai tafiya a ƙasa da fasinjan motar haya.

Daga nan sai a auna adadin da yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 a Nijar, kuma ana ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, saboda haka ƙarin mamata da bai wuce wannan kason ba ba ya nufin hanya ta ƙara muni. Ana fitar da lissafin ne bisa kowane mutum 100,000. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ba nahiyar Afirka kimanin mamata 19 a kan wannan ma'auni, mafi yawa a duniya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen lokutan shekara. Damina da hazon hunturu da kakar albasa, sa'ad da manyan motoci ke lodi a Galmi da Madawa, duk suna dawowa a watanninsu. Amma azumi da sallar Layya suna bin kalandar Musulunci, wadda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ya sa cunkoson da ya faɗo a Agusta a 2019 ya koma Yuni a 2024. Wanda ya kwatanta Agusta da Agusta kawai zai ɗauka an sami sauƙi, alhali salla ce ta yi ƙaura. Maganin wannan shi ne a sa alama a kan makonnin salla, a riƙa kwatanta su da juna.

A kuma keɓe abubuwan da ba sa maimaituwa. Tankar mai da ta kife ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai a Mayun 2019 ta hallaka fiye da mutum 50, kuma irin wannan kaɗai kan karkatar da lissafin shekara. Haka ma hana zirga-zirga na lokacin korona a 2020 da rufe iyakoki bayan Yulin 2023.

Wajen hasashen kansa, a kowane wata a haɗa jimillar wata 12 da suka gabata, a zana su a jere, sannan a miƙa layin zuwa gaba. Kada a faɗi adadi guda tak. A ce an hasaso haɗari 100: ko ba abin da ya sauya a hanya, adadin na iya faɗowa tsakanin 80 da 120, don haka raguwa daga 100 zuwa 92 bai isa a yi shelar nasara ba. Kafin a amince da hanyar lissafin, a ɓoye alƙaluman bara, a hasaso su da na shekarun baya, a ga tazarar da ke tsakaninsu da abin da ya faru. Hasashen kada ya wuce shekara biyu, kuma a sabunta shi da zarar an shimfiɗa sabuwar kwalta, domin gudun direbobi kan ƙaru a kanta.