Ciwon jijiyar fuska mai fizga kamar lantarki: yadda za ka zauna da shi a Legas

Kafin komai, don Allah kar ka yi saurin cire haƙori. Mutane da yawa masu wannan ciwon sai an cire musu haƙori biyu uku masu lafiya kafin a gane ba daga nan matsalar take ba, haƙori ya tafi ciwo na nan daram.

Likitoci suna ce masa trigeminal neuralgia. Ciwo ne na wata jijiya da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta rabu uku a kowane ɓangaren fuska, ɗaya goshi da ido, ɗaya kunci da leɓen sama, ɗaya muƙamuƙin ƙasa. Yawanci wata jijiyar jini ce ke danne ta a gindinta har rigar da ke lulluɓe da ita ta goge, ta koma kamar wayar wuta da robarta ta ɓare, abu kaɗan ya taɓa sai tartsatsi. Shi ya sa ciwon yake zuwa farat ɗaya a gefe guda, ya yi daƙiƙoƙi zuwa minti 2 ya saki, ya kuma dawowa. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma mata sun fi maza.

Toh ina za ka nufa? Likitan haƙori ya duba tukuna, in ya ce haƙoranka lafiya lau ka nemi a tura ka wurin likitan jijiya da ƙwaƙwalwa. Akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, da ke Idi-Araba, unguwar da mutanenmu suka cika, akwai kuma a asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, wato LASUTH, da ke Ikeja, wanda ya fi kusa da 'yan Agege. Ka yi sammako saboda gosulo da layin kati, ka tafi da wanda zai yi bayani a madadinka in magana ma tana tayar maka da ciwon. Wataƙila a ce ka yi hoton cikin kai da ake kira MRI, akwai tsada gaskiya, amma in kai matashi ne, ko ciwon na gefe biyu, ko fuskar tana mutuwa ba ka jin taɓi, ko jinka ya ragu, to kar ka yi wasa da hoton nan domin wani lokaci ƙari ne ko wata cutar ke ɓoye a baya.

Maganar magani ita ce inda aka fi ɓata kuɗi. Panadol, ibuprofen, diclofenac, duk ba su yi wa wannan ciwon komai, sai dai wasunsu su jawo maka gyambon ciki, tramadol kuwa wlh ka nisance shi, ka je neman sauƙi ka dawo da jaraba. Maganin farko shi ne carbamazepine, wanda aka fi sani da Tegretol, ko ɗan'uwansa oxcarbazepine. Asalinsa maganin farfaɗiya ne, kar ka tsorata in ka karanta haka a takardar cikin kwali, aikinsa kwantar da jijiya. Likita kan fara da kaɗan kamar 100mg ya riƙa ƙarawa a hankali. Kuma ba a shan sa sai ciwo ya taso, kullum ake sha a kan lokaci ko da ka wuni garau, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai likita ya rage maka mataki-mataki.

Satin farko za ka iya jin jiri da barci, in tuƙi ne sana'arka, Keke ko tirela ko babur, ka faɗa wa likita tun farko. Amma in ka ga ƙuraje, ko baki da ido sun fara yin gyambo ga zazzaɓi, wannan ba na jira ba ne, asibiti a ranar. Za a riƙa gwajin jini lokaci-lokaci don duba hanta da gishirin jiki. 'Yan'uwa mata ku sani yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, mai ciki ko mai neman ciki kuma dole ta sanar da likita. Ka saya a babban kemis mai rajista ka duba lambar NAFDAC, ba a hannun mai talla cikin danfo ba.

Sai zaman yau da kullum. Ka samu ɗan littafi ko ka buɗe wuri a wayarka ka riƙa rubuta me kake yi lokacin da ya fizge ka, cikin sati biyu za ka gane abokan gabarka. Wasu alwalar asuba ce da ruwan sanyi, sai ka ɗumama ruwan ka zuba a hankali ba tare da gurzawa ba, ranar da abin ya yi tsanani kuma ka tambayi malami hukuncin taimama, addini bai ce ka azabtar da kanka ba. Wasu iska ce. Ka juya fanka kar ta fuskance ka, a BRT ka guji kujerar da sanyin esi ke sauka kai tsaye, a danfo ka bar wa wani gefen taga, ka yi yawo da rawani ko mayafi mai laushi ka rufe wannan kuncin. Buroshi ka sayi na yara mai taushi, ka jiƙa shi da ruwan ɗumi, asuwaki mai tauri a ajiye shi tukuna. Kar dai ka daina wanke baki gaba ɗaya don tsoro, in haƙori ya ruɓe ciwo ya zama biyu.

Abinci ma haka. Kwanakin da ya taso ka manta da goro da kilishi da tsire, ka koma koko, kunun gyaɗa, fate, ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka, mai ɗumi ba mai zafi ba, ka tauna ta ɗaya gefen. Abin da ke ba ni tausayi shi ne dattijon da zai zauna gaban kwano yana kallon loma yana tsoron kai ta baki har ya rame, iyali suna cewa ya ƙi abinci. In azumi ya gabato ka je wurin likita tun Sha'aban a tsara maka lokutan shan magani.

Ciwon yakan ɓace watanni ya dawo, kar ka ce ka warke ka watsar da asibiti. In magani ya daina aiki akwai wasu da ake ƙarawa irin su gabapentin da baclofen, akwai kuma tiyatar da ake buɗe bayan kunne a raba jijiyar jinin da ta fuska a sa ɗan abu mai laushi tsakaninsu, wadda likitan Amurka Peter Jannetta ya shahara da ita, da wasu hanyoyin na allura ta kunci ga wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba.

Ku kuma 'yan gida da abokan kasuwa, fuskar ba ta kumbura ba ta nuna komai, sai a ce raki ne ko sammu. In kun ga ya daskare ya dafe kunci, kar ku taɓa shi kar ku dame shi da tambaya, ku jira ya saki. Addu'a mu yi ta, amma ban da tsaga ko ƙaho a wannan fuskar. In kuma ya daina fita, ya daina magana, ko ya fara cewa gara mutuwa, ku kai shi wurin likita a wannan ranar ku faɗi hakan ƙarara, domin damuwar ma ana maganinta.