Yadda Ake Koya wa Zuciya Dauriya, a Filin Wasa da Wajensa

A wasan ƙwallon ƙafa na kusa da na ƙarshe na gasar Olamfik ta 1996 ta Atlanta, Brazil tana gaban Najeriya da ci 3 da 1 har wasa ya kusa tashi, sai Victor Ikpeba ya rage ɗaya, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, ya kuma ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Gajiya ta kama kowa a filin nan, amma 'yan wasanmu ba su bar zuciyarsu ta karaya ba. Wannan ita ce dauriyar da ake nufi, kuma horo ne yake kawo ta, ba haihuwar mutum ake yi da ita ba.

Ka fara da ɗaukar wa kanka wani ƙaramin aiki mai ɗan wuya wanda za ka riƙa yi kullum, ko kana jin daɗi ko ba ka ji. Gudun sassarfa bayan sallar asuba ya wadatar, kuma amfaninsa ya fi fitowa a lokacin hunturu, sa'ad da sanyin Zariya yake sa mutum ya yi ta neman dalilin komawa cikin bargo. Kada ka ɗora wa kanka abin da ba za ka iya ɗorewa a kansa ba, domin wanda ya saba karya alkawarin da ya yi wa kansa ba zai yarda da kansa ba ranar da wasa ya yi zafi.

Sai kuma yin atisaye cikin matsi. Duk wanda yake kallon ƙwallon unguwa a Tudun Wada ko Samaru ya san yaron da ba ya ɓarar da fanareti a atisaye, amma ranar gasa, da ya ajiye ƙwallo ya ja baya, sai ka ga yana waige-waige yana goge tafin hannu a wando. Maganinsa shi ne ya riƙa bugawa a ƙarshen atisaye, yana haki, abokan wasa suna yi masa ihu, kuma da sharaɗin zagaya fili idan ya ɓarar. Kafin ya buga ya ja numfashi ta hanci, ya sake shi a hankali ya fi tsawon yadda ya ja, saboda hakan yana rage bugun zuciya. Ɗalibin da zai shiga jarrabawa ma haka: ya zauna da tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, littafi a rufe.

Wurin da aka fi shan kaye, a ganina, shi ne bayan an yi kuskure. Ɗan wasa ya ba da ƙwallo ga abokin hamayya, sai ya yi ta zagin kansa a zuci har a sake cin su. Ɗan damben da ya shiga turmi na biyu yana tunanin naushin da ya sha a na farko ya riga ya miƙa kansa. Ka tanadi gajeriyar magana da za ka faɗa wa kanka, kamar "ya wuce, sai ta gaba", ka bar bitar kuskuren sai an tashi. A lokacin ne za ka zauna da koci, ko kai kaɗai, ka rarrabe abin da yake hannunka da wanda ba ya hannunka: hukuncin alƙalin wasa ba naka ba ne, amma tsayuwarka a inda bai dace ba taka ce. Ɗan kasuwar Sabon Gari da kaya suka kwanta masa yana bukatar irin wannan lissafin kafin ya sake saro wasu.

Misalin dauriya a wajen fili shi ne Masai Ujiri, wanda ya taso a nan Zariya yana buga ƙwallon kwando. Ya yi aikin zaƙulo 'yan wasa ga ƙungiyar Orlando Magic ta Amurka ba tare da albashi ba, kafin daga baya ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019.

A kula, dauriya daban, taurin kai daban. Ciwon gajiya ana iya daure masa, amma gaɓar da ta kumbura, ko jiri bayan an bugu a ka, dalili ne na barin fili a nufi asibiti, ko da 'yan kallo za su kira mutum rago. Haka nan damuwar da ta hana barci da cin abinci har makonni tana bukatar a gaya wa wani babba da aka amince da shi, ko a ga likita.