Kurakuran da ke kashe batirin jirgin ruwa

Masu jirgin inji a Yawuri da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji sukan yi kukan cewa batirin yanzu ba ya ƙarko. Wani lokaci gaskiya ne. Amma yawancin batiran da ke mutuwa, a tudu suke mutuwa, lokacin da aka jingine jirgi aka manta da su.

Ga yadda abin yake. Batiri mai ruwa, idan aka bar shi ba caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsa. In ya daɗe a haka, ko kwana nawa ya yi a wurin mai caji ba zai koma yadda yake ba. Kuma ko ba a jona masa komai ba, yana zubar da cajinsa a hankali, zafi kuwa yana ƙara masa sauri. To ka ga wanda ya bar nasa cikin jirgi a zafin ranar watan Afrilu har sati shida, shi ya kashe abinsa. Kafin ka ajiye, ka cika shi da caji, ka cire wayoyinsa, ka kai shi inuwa inda iska ke shiga. Duk wata ka gwada shi da mitar auna ƙarfin wuta: volt 12.6 ya cika, 12.2 saura rabi, ƙasa da 12 kuwa a kai shi caji a ranar. Mitar nan kuɗinta bai kai na sabon batiri ba ko kusa.

Sai ƙarin ruwa. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid ɗin yana nan, don haka ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, ya rufe farantan. Ruwan kogi ko na rijiya ɓata shi yake yi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne jona waya kai tsaye ba fiyus, wato ɗan abin da ke katse wuta idan ta yi yawa. Jirgi kullum cikin girgiza yake, waya tana gugar katako ko ƙarfe har ta saɓule. Ranar da jar waya (+) ta taɓa baƙar waya (-), wayar ja take yi kamar garwashi, ga jarkar fetur a gefe, ga fasinjoji. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, daidai inda ake ajiye batir. A sa fiyus a jar waya dab da kan batir, kada tazarar ta wuce taƙi ɗaya. Batir ɗin a sa shi cikin akwati mai murfi da ƙofar iska, a ɗaure, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da fetur.

Wajen kwancewa a fara cire baƙar waya, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Kada a cire batir inji yana aiki, na'urar cajin injin ce za ta ƙone.

Batirin mota kuma don tada inji aka yi shi. Mai kunna fitila da famfon kwashe ruwa dare guda ya nemi na biyu irin na sola, wanda ke jure a sha shi sosai.

Farin garin da ke taruwa a kan batir, ruwan kanwa da tsohon burushi suna wanke shi. A kula kada ya shiga ramukan zuba ruwan batir, a bari ya bushe, a ɗaure wayoyin sosai, sannan a shafa giris ko basilin.