Yadda Nake Bin Diddigin Matashin Mabugi a Ƙananan Rukunonin Besbol

Na daɗe ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, kuma daga gidana zuwa filin wasa na Prince George's da ke garin Bowie bai fi tafiyar minti ashirin a mota ba. Ɗana ne ya fara jan hannuna zuwa can, don a makaranta ya koyi besbol, ni kuwa da ƙwallon ƙafa na tashi. Ranar farko sai da ya yi ta cewa, "Baba, ka daina bin ƙwallon da ido, ka dubi mai sandar." Yanzu shi ya girma ya kama wasu harkokin, ni ne na maƙale. Abin da ya riƙe ni shi ne ganin yaro ɗan shekara sha tara ko ashirin yana koyon sana'ar bugu a gaban idona, wata bayan wata. Wanda na bi tun daga ƙasa har ya kai sama shi ne Jackson Holliday, kuma da tafiyarsa zan nuna yadda nake yi.

Ga wanda bai saba da wasan ba, abu ɗaya ya isa a riƙe. Majefi yana tsaye ne mita 18 da ɗan ɗoriya daga mabugi, kuma ƙwallon da aka jefo da gudun mil 95 a awa tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A gaban mabugin akwai wani akwati da ido ba ya gani, faɗinsa inci 17, tsayinsa daga gwiwa zuwa wajen ƙirji. In ƙwallo ta ratsa akwatin ya ƙyale ta, ko ya kai sanda ya kuskure, sitiraik ke nan, kuma na uku yana fitar da shi. In majefi ya jefa huɗu a wajen akwatin shi kuma ya yi haƙuri bai taɓa ba, sai ya wuce zuwa matsaya ta farko kyauta, wato ta farkon matsayan da ake zagayawa kafin a ci maki. Wace zai buga, wace zai bari? Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake zagaye.

Ka fara da sanin tsanin. Tun daga 2021, kowace ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi 30 tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a jere: Single-A, High-A, Double-A, sai Triple-A wadda daga ita sai babban rukuni. Ƙasa da su akwai gasannin sababbin shiga a Florida da Arizona da Jamhuriyar Dominika. Baltimore Orioles sun zaɓi Holliday a matsayin na ɗaya a zaɓen matasa na 2022, daga makarantar sakandare ta Stillwater a Oklahoma, suka ba shi sama da dala miliyan 8. A 2023 kaɗai ya taka matakan nan huɗu: Delmarva, Aberdeen, Bowie, Norfolk. Uku daga ciki suna cikin Maryland, shi ya sa na samu ganinsa ido da ido.

Sannan ka zaɓi yaro ɗaya. Na gwada bin biyar a lokaci guda, ƙarshenta babu wanda na sani da kyau a cikinsu.

Da ka zaɓe shi, abu na farko da za ka duba shekarunsa ne, kafin kowace lamba. A shafin Baseball-Reference akwai wani layi mai suna AgeDif, wanda ke nuna tazarar shekarun ɗan wasa da matsakaicin shekarun 'yan rukuninsa. An haifi Holliday a watan Disamba na 2003, don haka yana ɗan shekara 19 ya iso Bowie, inda yawancin masu jefa masa ƙwallo sun girme shi da shekara huɗu ko biyar. Ɗan shekara 19 da ya tsaya da ƙafarsa a Double-A, ko da bugunsa matsakaici ne, ya fi ɗan shekara 24 da ke ragargazar ƙwallo a Single-A. Na biyun babba ne a cikin yara, ƙarfi da gogewa suke ɗauke shi. Mutane da yawa a nan suke fara ruɗuwa, su ga lamba mai kyau su manta da tambayar wa aka yi wa ita.

Yanzu lambobin kansu. Wadda allon fili ke haskawa da manyan baƙaƙe ita ce matsakaicin bugu, wato sau nawa ya yi bugu mai kyau a cikin zuwansa. Holliday ya gama 2023 da .323, wato kamar bugu mai kyau 32 a kowane zuwa ɗari, abin sha'awa. Amma ni ba ita ta sa na yarda da shi ba. A waccan shekarar sau 101 ya wuce matsaya ta farko kyauta, yana yaro a cikin manya. Wannan ido ne da haƙuri, kuma su ne suka fi wuyar koyarwa.

Ka buɗe shafin FanGraphs ka nemi layi biyu, BB% da K%. Na farko kason zuwan da ya wuce kyauta, na biyu kason da aka fitar da shi da sitiraik uku. A babban rukuni matsakaicin na farko yana wajen 8 cikin ɗari, na biyu wajen 22. Yaron da tun a Single-A ake fitar da shi sama da 30 cikin ɗari, gabana yana faɗuwa a kansa komai nisan da ƙwallonsa ke zuwa, don majefan da ke jiransa a sama sun fi waɗannan iya ɓoye ƙwallo. Dalilin da ya sa na fi dogara da layin nan biyu shi ne suna saurin faɗin gaskiya. Binciken Russell Carleton ya nuna K% yana fara ma'ana bayan zuwa kamar 60, BB% bayan kamar 120, amma matsakaicin bugu sai an haura 900. Ɗan wasa ba ya samun zuwa 900 a kaka ɗaya. Ke nan yaro zai iya buga .400 na mako uku saboda ƙwallayensa suna faɗawa inda babu mai tsaro, sannan ya buga .180 na wasu makonni ukun alhali babu abin da ya sauya a hannunsa. Layin BABIP, wato matsakaicin bugu a kan ƙwallayen da ya buga cikin fili kawai, yana taimakawa a gane wannan: in ya yi nisa sama da .300 ƙwarai, akwai sa'a a ciki, ka jira ta lafa.

Ƙarfin bugu ba ya tayar min da hankali a kan ƙaramin yaro. Jiki yana cika daga baya, kuma bugun da ke tsayawa a jikin katanga yana ɗan shekara 19 yakan tsallake ta yana 23. Bugun da ya tsallake katanga shi ake kira hom ron, kuma Holliday 12 kawai ya yi a 2023. Ka dai lura da inda ake wasan. A gasar Pacific Coast, garuruwa irin su Albuquerque da Reno suna kan tudu, iska ba ta da nauyi, ƙwallo tana tashi fiye da ƙima. Gasar Florida State kuwa an san ta da danne mabuga. Layin wRC+ yana auna yaro da 'yan gasarsa, 100 ne matsakaici, 130 kuwa ya nuna ya fi su da kashi 30 cikin ɗari.

Duk wannan ji ne. Gani ya kori ji, kuma a nan ne nake ɓata mafi yawan lokacina.

Ina da ƙaramin littafi da nake shiga fili da shi, ko in ajiye a cinya in ina kallo ta intanet. Kowane zuwa layi ɗaya ne. Nakan rubuta hannun majefi, dama ko hagu, sannan kowace jifa: miƙaƙƙiya mai gudu ce, mai lanƙwasa ce, ko mai yaudara wadda ke fitowa kamar mai gudu ta iso a makare, a cikin akwati take ko a waje, ya kai sanda ko ya bari. Sakamakon zuwan a ƙarshen layi nake sa shi, da ƙananan baƙaƙe, don kada ya rinjaye ni. Yaro zai iya zaɓar jifar da ta dace, ya maka ta da dukan ƙarfinsa, ta tafi kai tsaye hannun mai tsaro. A allo an rubuta ya fita, a littafina zuwa ne mai kyau. Wani kuma ya bi ƙwallon da ta kusa taɓa ƙasa, bakin sanda ya ɗan goge ta, ta gangara inda ba kowa. Allo ya yaba masa, ni na sa masa alamar tambaya.

Tsarin kakar wasa ma yana taimakon mai littafi. Tun 2021 ƙungiyoyi biyu sukan kara kwana shida a jere, Talata zuwa Lahadi, a huta Litinin. Sau da yawa majefin da ya fara wasan Talata shi zai dawo ranar Lahadi. Babu jarrabawar da ta fi wannan. In ranar Talata ya fitar da yaron sau biyu da mai lanƙwasa ƙasa-ƙasa ta waje, to ranar Lahadi zai sake jefo ta, ba shakka. Ka zuba ido. Yaron ya sake bin ta, ko ya tsaya ya bar ta ta wuce? Abin da na riƙa gani wajen Holliday a Bowie ke nan: ba kasafai ake kama shi da tarko ɗaya sau biyu ba, kuma ko da sitiraik biyu a kansa ba ya rikicewa. Ka kuma ware shafi na musamman don majefa masu hagu in yaronka bahago ne a bugu, kamar yadda Holliday yake, don ƙwallon bahago tana guje wa bahago, kuma matasa da yawa a nan rauninsu yake ɓoye.

Dubi ƙafafunsa. A talabijin kyamara tana bayan majefi, don haka ana ganin mabugi sosai. Yaushe yake ɗaga ƙafar gaba, yaushe yake sauke ta? In ta sauka a makare, mai gudu za ta wuce shi, ko ya riƙa goge ta tana tashi baya. In ta sauka da wuri, mai yaudara za ta same shi ya riga ya zube gaba. Ni ba koci ba ne, ba na gyara wa kowa tsayuwa, amma makara da gaggawa ko ɗan kallo yana iya gane su in ya kalli zuwa hamsin.

Duk lokacin da aka ɗaga yaro zuwa mataki na gaba, ka buɗe sabon shafi, kada ka yanke hukunci sai ya yi zuwa ɗari. Tsallaken da ya fi ba ni labari shi ne na shiga Double-A, don a nan majefa suke fara iya sa mai lanƙwasa a inda suke so, a lokacin da mabugi ke jiran mai gudu.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar 10 ga Afrilu 2024 Holliday ya buga wasansa na farko a babban rukuni, a filin Fenway na Boston. A wasa goma, bugu biyu kacal ya samu cikin 34, aka fitar da shi da sitiraik sau 18, rabin zuwansa ke nan. Kafin watan ya ƙare aka mayar da shi Norfolk. Na ji ciwon abin sosai, don na riga na gaya wa duk wanda ya saurare ni cewa yaron nan ya shirya. Da na koma littafina sai na ga inda na gaza: na yi ta rubuta abin da yake bari, ban kula sosai da sau nawa yake kuskuren mai gudu a cikin akwati ba. A ƙasa majefa ba su da gudu da saitin da za su tona wannan kullum, a sama kowa yana da su. Tun daga lokacin na ƙara wata alama a littafin, da'ira, ga duk miƙaƙƙiyar da ta ratsa akwati ya kai sanda bai same ta ba.

Ya dawo ranar 31 ga Yuli, kuma a wasan da suka yi da Toronto a ranar ya buga hom ron ɗinsa na farko matsaya uku cike da mutane, maki huɗu a bugu ɗaya. Na yi murna, amma abin da ya fi burge ni ya zo ne kusa da ƙarshen kakar, lokacin da ya bar ɗaga ƙafa sama da ya saba da shi, ya koma ɗan taɓa ƙasa da yatsa don ya riƙa isa kan lokaci. Yaro ɗan shekara 20 ya yarda ya sake abin da ya kawo shi har nan. Irin wannan ba ya fitowa a kowane layi na lamba, sai wanda ya san tsohuwar tsayuwarsa ne zai gane an sake ta.

In yaronka ya kai Triple-A, ko yana gasar Florida State, shafin Baseball Savant yana ba da ma'aunin na'ura: gudun da ƙwallo ta bar sanda da kusurwar tashinta. Daga mil 95 zuwa sama ake kira bugu mai ƙarfi. Rahotannin masu farautar 'yan wasa a Baseball America da MLB Pipeline suna ba da maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin babban rukuni. Nakan karanta su ne bayan na cika nawa shafukan, don in ga inda muka saɓa, sai in koma in sake kallo da wannan a raina.

Ga 'yan'uwa da ke Kano ko Damagaram masu son gwadawa, wasan ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka sha biyun dare ne a wurinku. Ku nemi na Lahadi, wanda yawanci da rana ake yi, ya faɗo muku wajen magariba. Manhajar MiLB, ta ƙananan rukunonin, tana nuna yadda wasa ke tafiya zuwa bayan zuwa ko babu bidiyo, kuma hakan ya isa a fara cika littafi. Kakar tana farawa a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu ta ƙare a Satumba, wasa 132 a matakai biyu na ƙasa, 138 a Double-A, 150 a Triple-A. Wasa biyu a mako, Talata da Lahadi, ni da su nake riƙe nawa yaron.