Zauren kansul a Ingila: ƙofa a buɗe take, mu ne ba ma shiga

'Yan'uwa da kuka sauka Ingila kwanan nan, barkanku da zuwa. Cikin takardun hukuma na farko da za su same ku a gidan haya akwai ta harajin kansul, wato ƙaramar hukumar da kuke zaune a cikinta. Kada a jefa ta cikin durowa. An kasa gidajen Ingila aji takwas, daga A zuwa H, bisa darajarsu ta shekarar 1991, kowane aji da nasa kuɗin haraji, kuma yawanci ana biya sau goma, daga Afrilu zuwa Janairu. Idan baligi ɗaya ne a gida ana rage masa kashi 25 cikin ɗari. Gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne masu cikakken karatu ba ya biya, amma sai an kai shaidar makaranta. Wanda bizarsa ta hana shi karɓar tallafin gwamnati ya yi hattara da ragin da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi, domin yana cikin abin da aka hana shi. Ragin mutum ɗaya kam babu laifi.

Da yawanmu a nan muke tsayawa: mu biya, mu yi gunaguni, shi ke nan. Ban ga laifin kowa ba. Wanda ya taso a Nijeriya, mai ƙananan hukumomi 774, ya saba kallon sakatariya a matsayin wurin karɓar takardar shaidar ɗan asali, kansila kuma sai lokacin zaɓe. A nan abin ya sha bamban. Kansul ke kwashe shara, ta raba guraben makarantun yara, ta kula da tsofaffi da yaran da ke cikin haɗari, ta ba da lasisin tasi, ta duba tsabtar gidajen abinci, kuma maƙabartu da yawa a hannunta suke. In ta shiga matsala kowa sai ya ji a jikinsa. Mazauna Bamingham sun gani bayan Satumban 2023, da kansul ɗinsu ta sanar cewa kuɗinta ba za su ishe ta ba, aka zabge ayyuka, aka ƙara haraji.

Doka ta ba kowa damar shiga zaman kansiloli ya saurara, ko da ba ɗan ƙasa ba ne. Ana wallafa ajanda da takardun zaman a intanet aƙalla ranakun aiki biyar kafin ranar, kuma tun 2014 an yarda mutum ya ɗauki hoto ko murya. Sai an zo maganar sirri, kamar ta ma'aikaci ko kwangila, ake sallamar jama'a. Mai son yin tambaya ya kan aika ta a rubuce tun da wuri. Kowace kansul da nata wa'adin.

Wanda ya fi shafarmu shi ne kwamitin ba da izinin gini. Can ake yanke ko za a bari a mai da tsohon shago masallaci ko Islamiyya. Ana ba maƙwabta kwana 21 su rubuta ra'ayinsu, kuma a zaman kansa mai magana ba ya wuce 'yan mintuna, sau da yawa uku. Masu adawa kan zo a shirye, da hotunan motocin da suka cika titi. Mu kuwa sai mu zo da zafin zuciya, muna cewa ba a son Musulmi. Kwamitin ba ya auna wannan. Abin da yake aunawa shi ne wurin ajiye mota, cunkoso, hayaniya da lokutan buɗewa. To, a amsa masa da su: mutum nawa ke zuwa a ƙafa, wa zai tsare titi ranar Juma'a, yaya za a yi da tarawihi in azumi ya faɗo a bazara, lokacin da isha ke kaiwa tsakar dare. Haka maganar filin binne Musulmi da samun damar jana'iza a ƙarshen mako; ba a fara ta ranar da aka yi rasuwa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sai ƙuri'a. Ɗan Nijeriya, Gana ko Kamaru da ke da izinin zama, har ɗalibi, yana da ikon yin rajista ya yi zaɓe, saboda ƙasashen suna cikin ƙungiyar Kwamanwel. 'Yan'uwanmu na Nijar, Chadi da Sudan ba su da wannan sai sun zama 'yan ƙasa, amma zauren da kansilan duk nasu ne. Zaɓen kansiloli yakan faɗo Alhamis ta farko a watan Mayu, kuma tun 2023 sai da katin shaida mai hoto. Mutane kaɗan ke fitowa, shi ya sa gidaje hamsin a unguwa ɗaya ba abin rainawa ba ne a wurin ɗan takara.

Ku sa lambar unguwarku da ke cikin adireshinku, wato postcode, a shafin kansul, sunayen kansilolinku za su fito. Yawancinsu suna ware rana a laburare ko zauren unguwa don sauraron jama'a. Ku je ku biyu ko uku, har da mata, domin su suka fi sanin halin makarantu da danshin gidajen haya. A tafi da takardu da lambar ƙorafin da aka riga aka shigar, a rubuta abin da kansila ya ce zai yi, bayan mako biyu a tuntuɓe shi ta imel.