Darasi na 9: Abinci da Damuwa, Abin da Aka Gani a Jikin Ɓeraye

A karanta a hankali, kowa ya ɗauki layi biyu.

Ɓera ba ya magana, to yaya masu bincike ke gane yana cikin damuwa? Sukan saka ƙaramin ɓera a kejin wani ƙato mafaɗaci na ɗan lokaci kullum, har kwana 10. Daga nan su ajiye masa ruwa iri biyu, ɗaya da sukari, ɗaya babu. Lafiyayyen ɓera mai zaƙin yake bi. Wanda wahala ta karya wa zuciya kuwa ya rage kula da zaƙi, ya guji ƴan uwansa, ya maƙale a lungu.

A shekarar 2011, a jami'ar Cork ta ƙasar Ayalan, an yi kwana 28 ana ba wasu ɓeraye ƙananan halittun da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke sa nono ya yi tsami. Fargabarsu ta ragu, suka riƙa fitowa fili, sinadarin da jiki ke saki lokacin firgita ya yi ƙasa. Da aka yanke wa wasu doguwar jijiyar da ta haɗa ciki da ƙwaƙwalwa, amfanin bai bayyana ba. Ashe hanji na aika wa kai saƙo.

Sai dai kada wani ya fita daga ajin nan ya ce nono maganin baƙin ciki ne. A 2017 an gwada halittun nan a kan mutane, maza lafiyayyu, ba a ga wani bambanci ba. Ɓera daban, mutum daban.

Abin da ke hannunmu shi ne ciyar da hanji da kyau. Ƙananan halittun da ke zaune a cikinsa suna son abinci mai dusa da ganye: gero, wake, albasa, kwaɗon zogale. Mu a Maradi ba sai mun je nesa ba, ko a tallan yamma ana samunsu. Wanda ya yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba walwala, fura ba za ta wadatar ba, a raka shi asibiti.

Aiki

1. Me ya faru da aka yanke jijiyar?
2. Rubuta waɗannan sau uku: ɓera, hanji, ƙwaƙwalwa.
3. Rubuta abin da aka ci a gidanku jiya, ka ja layi ƙarƙashin mai ganye ko wake.